Kwamfuta tana kawo saƙon kuskure duk sanda za a kashe ta: tambayoyi da amsoshi

Na daɗe ina gyaran kwamfuta, kuma cikin ƙorafin da aka fi zo min da shi akwai wannan: abu yana aiki lafiya lau tun safe, an yi taifin an yi firintin ba wata matsala, sai an zo kashewa da dare ta ɓullo da wani ɗan akwati mai rubutun Turanci, mutum ya danna OK ya tafi, gobe ya sake dawowa, jibi ma haka. Abin da yake damuna shi ne yawancin mutane kafin su zo wajena an riga an ce musu a yi fomat, wato a goge komai a sake saka Windows, ko su sayi sabuwar RAM, wato ƙwaƙwalwar da kwamfuta take riƙe aikin da take kai a ciki, alhali ba wanda ya tsaya ya karanta abin da akwatin ya ce. Shi ya sa na tattara tambayoyin da ake yawan yi min. Maganar Windows nake yi, 10 da 11 galibi, da 7 nan da can tunda har yanzu tana nan a shagunan buga takardu.

Oga, wai me ya sa sai lokacin kashewa? Ai duk yini ba ta ce komai ba.

Saboda kashewa ba yanke wuta ba ne kawai. Ka ɗauka kamar mai gida ne zai rufe zaure da dare, sai ya leƙa ya ce wa masu hira to jama'a a tashi, ya jira kowa ya ɗauki takalminsa ya fita, sannan ya sa sakata. Haka Windows take yi. Tana aika wa kowace manhaja saƙo cewa ki tattara, ta ba ta 'yan daƙiƙu, daga nan ta juya kan waɗanda suke aiki a ɓoye ba ka ganinsu, sannan direbobi, wato ƙananan manhajojin da suke haɗa Windows da kayan kwamfuta irin firinta da Wi-Fi, sannan ta sauke wuta.

To a cikin masu hirar nan akwai wanda zai ƙi tashi, akwai kuma wanda zai tashi amma ya yi tuntuɓe a bakin ƙofa. Wanda ya ƙi tashi shi ne yake kawo maka "This app is preventing shutdown". Wanda ya yi tuntuɓe shi ne mai "Application Error". Duk yini yana zaune lafiya, matsalarsa a fita take, shi ya sa ba ka ganin komai sai lokacin. Aikinmu gaba ɗaya shi ne mu gano wane ne shi, da sunansa.

Saƙon yana wucewa da sauri, kafin in karanta allo ya yi baƙi. Ya zan yi?

Ɗauko wayarka ka kunna bidiyo ka saita ta a kan allon kafin ka danna Shut down. Bayan ta mutu sai ka koma bidiyon ka tsayar daidai wurin. Abin da kake nema shi ne rubutun da yake can saman akwatin, galibi suna ne mai ƙarewa da .exe, wannan sunan ya fi duk lambobin da ke ƙasa amfani.

In bidiyon bai fito ba, Windows tana da littafin da take rubuta abin da ya faru. Danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta perfmon /rel ka danna Enter. Za ka ga jadawali na kwanaki, duk ranar da wani abu ya faɗi akwai jan da'ira mai alamar X. Danna ranar, a ƙasa za ta nuna maka sunan manhajar da lokacin. Ni da wannan nake farawa domin ko wanda bai saba ba zai gane shi.

Wanda ya fi zurfi shi ne Event Viewer, Windows da R, ka rubuta eventvwr.msc. Ka shiga Windows Logs, sai Application, ka nemi mai lamba 1000 wanda lokacinsa ya yi daidai da sanda ka kashe. A ciki akwai layi biyu: Faulting application name da Faulting module name. Na biyun nan shi ne mai laifin a lokuta da yawa. Kar jajayen layukan da ke ciki su tsorata ka, ko sabuwar kwamfuta ka buɗe za ka gansu birjik, lokacin kawai za ka bi. Kuma ba kullum ake samun an rubuta ba, wani lokacin littafin ma an riga an rufe shi kafin abin ya faɗi, shi ya sa na ce a fara da waya.

Nawa yana cewa Task Host Window ne ya hana kashewa. Mene ne shi?

Na Windows ne, ba baƙo ba ne, sunan fayil ɗinsa taskhostw.exe a 10 da 11. Shi ɗan aike ne, yana ɗauke da ƙananan ayyukan da ake yi a bayan fage, in ka zo kashewa wani aikin bai gama ba sai ya ce a dakata. Sau da yawa afdet ne ya tsaya rabi da rabi, an sauke ba a gama sakawa ba, ko data ta ƙare ana tsakiya. Ka shiga Settings, Windows Update, ka bari ya gama duk abin da yake jira, sannan ka yi Restart, ba Shut down ba. In ka ganshi sau ɗaya ko biyu a wata ka ba shi minti ɗaya kawai, da kansa zai wuce. In kullum ne, ka karanta ƙaramin rubutun da ke ƙasan sunan, yakan faɗi aikin da ya maƙale, sannan ka duba amsar Fast Startup a ƙasa.

Ni kuma "The instruction at 0x... referenced memory at 0x... The memory could not be read" nake gani. An ce min RAM ɗina ce ta lalace, in saya?

Don Allah kar ka saya tukuna. Wannan saƙon ya ci kuɗin mutane da yawa saboda kalmar memory da ke ciki. Abin da yake nufi shi ne wata manhaja ta miƙa hannu za ta ɗauki abu a wani wuri cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, sai ta tarar wurin ba nata ba ne ko kuma an riga an kwashe abin, sai Windows ta buge hannun. A lokacin kashewa wannan yana da sauƙin faruwa tunda kowa yana tattara kayansa, wani ya fita da abin da wani yake buƙata. In ka ga lambar ta biyu sifiri ce zalla, 0x00000000, to kusan tabbas kuskuren wanda ya rubuta manhajar ne, ya aike ta adireshin da babu kowa.

Akwai wani bawan Allah mai shagon taifin da ya kawo min tasa, ya riga ya canza RAM sau biyu, yana riƙe da tsofaffin a cikin ledar biredi, ransa a ɓace. Saƙon yana cewa explorer.exe ne. Muka buɗe Event Viewer tare, a layin module sai ga sunan wani fayil .dll, muka bi folda ɗinsa, ashe manhajar wani tsohon modem ne da ya daina amfani da shi tun shekaru, modem ɗin ma ya ɓata amma manhajar tana tashi kullum tare da kwamfutar. Muka cire ta, muka kashe muka kunna sau biyar a gabansa, shiru. RAM ɗinsa ta farko lafiyarta ƙalau, mun mayar mun gwada.

Ka lura da wannan: in saƙon ya ce explorer.exe ba lalle explorer ɗin ne da laifi ba. Manhajoji da yawa suna liƙa kansu a jikinsa, irin waɗanda in ka danna dama a kan fayil kake ganin sunansu a jerin, masu matse fayil, masu maganin bairos, masu haɗa waya da kwamfuta, masu juya takarda zuwa PDF. In ɗaya ya faɗi, sunan explorer ne zai fito.

Yaushe za ka zargi RAM da gaske? In manhajoji daban daban suna faɗuwa a lokuta daban daban, yau wannan gobe wancan, ga shuɗin allo jefi jefi. Amma kuskure iri ɗaya, suna ɗaya, lokaci ɗaya kullum, wannan ba halin lalatacciyar RAM ba ne. In kana so hankalinka ya kwanta ka rubuta mdsched a Windows da R, za ta sake tashi ta gwada RAM ɗin da kanta, kyauta.

To in ban samu sunan ba fa, ko na samu ban gane ko na wace manhaja ba ne?

Sai mu bi ta hanyar tankaɗe. Windows da R, rubuta msconfig, ka shiga Services. Abu na farko, kuma wallahi kar ka tsallake shi, ka sa alama a Hide all Microsoft services. In ka manta ka kashe har da na Microsoft za ka iya tashi ka kasa shiga da PIN ɗinka. Bayan ka sa alamar sai ka danna Disable all. Daga nan ka buɗe Task Manager da Ctrl, Shift da Esc, ka je Startup ka kashe duk abin da ke wurin. Yi Restart, ka ɗan yi aiki, sannan ka kashe.

In saƙon bai fito ba, an gama rabin aiki, mai laifin yana cikin waɗanda ka kashe. Kar ka tsaya kunna su ɗaya bayan ɗaya, za ka kwana. Kunna rabi ka gwada. In ya dawo yana cikin wannan rabin, in bai dawo ba yana ɗaya rabin, ka sake rabawa biyu. Ko guda talatin ne, zagaye biyar ya isa. In ka kama shi ka nemi sabon fitowarsa ko ka cire shi gaba ɗaya, sannan ka tuna ka koma ka kunna sauran, musamman maganin bairos ɗinka.

Waɗanda na fi kamawa: manhajar firinta da sikana, ta tsohon modem, maganin bairos biyu a kwamfuta ɗaya suna faɗa da juna, da kuma manhajojin da aka fasa aka saka ba lasisi, waɗanda akan loda wa laftof ɗin hannu tun a kasuwa wai kyauta ce.

Mene ne wannan Fast Startup da ake ta cewa a kashe?

Abu ne da Microsoft ta shigo da shi tun Windows 8 a 2012, kuma a kunne yake zuwa a yawancin kwamfutoci. Idan ka danna Shut down, ba mutuwa take yi gaba ɗaya ba. Tana rufe manhajojinka ta fitar da kai, amma zuciyar Windows da direbobi sai ta naɗe su yadda suke ta ajiye a wani fayil mai suna hiberfil.sys, gobe ta warware ta ci gaba daga nan don ta tashi da sauri. Kenan in wani direba ya rikice yau, da rikicinsa za a ajiye shi, da shi kuma za a tashe shi gobe.

Kana so ka gani da idonka? Buɗe Task Manager, Performance, CPU, ka duba Up time. Mutum zai rantse maka kullum yana kashewa, amma wurin ya nuna kwana goma sha wani abu. Restart ne yake wankewa tas, Shut down ba ya yi, abin da mutane da yawa suka ɗauka akasin haka ne.

Gwaji mai sauƙi: riƙe Shift sannan ka danna Shut down, wannan cikakkiyar kashewa ce. In da Shift ba ka ganin matsalar, to ka kashe Fast Startup ɗin: Control Panel, Power Options, Choose what the power buttons do, ka danna Change settings that are currently unavailable, ka cire alamar Turn on fast startup, ka adana. In kwamfutarka SSD gare ta, wato ma'ajiyar fayil mai sauri, da kyar za ka ji bambancin saurin tashi. Amma in faɗa maka gaskiya wannan ba maganin komai ba ne kamar yadda ake yayatawa. Ya fi aiki a kan matsalar direba, irin wadda allo zai mutu amma fanka tana ta juyawa fitila a kunne. In wata manhaja ce take faɗuwa a bakin ƙofa, ko ka kashe shi za ta ci gaba da faɗuwa.

An ce in yi sfc. Yana da amfani kuwa?

Yana da shi, umarni ne da yake duba fayilolin Windows ya gyara lalatattu, musamman a wurinmu da ake ɗauke wuta ba sallama. Kwamfutar tebur da ba UPS, ko laftof da batirinsa ya mutu sai a jikin caja, duk sanda wuta ta tafi tana tsakiyar rubutu akwai yiwuwar wani fayil ya lalace. Ka nemi cmd a wurin bincike na Windows, wato baƙin akwatin da ake rubuta umarni, ka danna dama ka zaɓi Run as administrator. Fara da wannan:

DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth

Yana buƙatar intanet kuma zai iya tsayawa a lamba ɗaya ya daɗe kamar ya maƙale, ka ƙyale shi. In ya gama sai:

sfc /scannow

In ya ce ya samu lalatattun fayiloli ya gyara, yi Restart ka gwada. In ya ce bai samu komai ba to ka cire Windows daga zargi ka koma kan manhajojin da aka saka. Masu Windows 7 sfc kawai za ku yi, wancan umarnin na farko ba ya aiki a wurinku. Kar ka fara ko ɗaya in ba ka da tabbacin wuta.

Tawa ba akwati take kawowa ba, in na kashe sai ta sake kunna kanta.

Sau da yawa faɗuwa take yi ana tsakiyar kashewa, kuma an saita Windows in ta faɗi ta sake tashi, sai kai ka ga kamar Restart ta yi. Windows da R, rubuta sysdm.cpl, ka je Advanced, ƙarƙashin Startup and Recovery ka danna Settings, ka cire alamar Automatically restart. Yanzu in ta faɗi allon zai tsaya, shuɗi ko kuma baƙi a sababbin Windows 11, ka karanta abin da ya rubuta. In ka ga DRIVER_POWER_STATE_FAILURE, wani direba ne aka ce ya kwanta ya ƙi. Zare duk abin da ke jikin USB, firinta, filash, abin Wi-Fi, ka gwada. In ba su ba ne ka duba direban Wi-Fi da na hoto, ka sauko da su daga shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin da lambar samfurinka. In kuma matsalar ta fara ne bayan an sabunta direba, Device Manager yana da Roll Back Driver da zai mayar da na da. Manhajojin nan masu cewa za su sabunta maka direbobi duka a danna ɗaya, ni ba na sa wa kowa su.

Ni dai riƙe maɓallin wuta nake yi har ta mutu. Akwai illa?

Akwai. In ta daskare ba abin da yake motsi, ba laifi, don haka aka yi shi. Amma a mayar da shi hanyar kashewa ta kullum, daidai yake da ka riƙa ɗauke wa kanka wuta da hannunka. Duk abin da ba a gama rubutawa ba ya tafi, in kuma ana tsakiyar afdet ne za ta iya ƙin tashi gaba ɗaya. A Event Viewer ɓangaren System duk irin wannan kashewar tana barin lamba 41 da 6008, kashewar lafiya kuma 6006. Na taɓa buɗe ta wata Hajiya, 41 ne jere reras na wata da watanni, ƙaramin saƙon da take gudu bai taɓa mata komai ba, riƙe maɓallin ne ya lalata mata fayilolin lissafin shagonta. In kana sauri ka adana aikinka ka danna Shut down anyway, ya fi sau dubu.

Ko bairos ne?

Zai iya, amma ba shi ne na farko a zargi ba. In sunan da ka gani haruffa ne barkatai kuma yana zaune a folda irin AppData ko Temp, ka yi cikakken bincike da Windows Security, har da Offline scan. Masu ganin wata manhaja mai suna G kawai tana hana kashewa a tsohuwar Windows 10, wannan Microsoft ta yi bayaninsa a 2019, wani ɓangaren zane ne na Windows mai suna GDI+ da sunansa ya yanke saura harafin farko, ba bairos ba ne.

Na ga ana cewa a shiga registry a sa AutoEndTasks, saƙon zai daina fitowa.

Registry ɗin nan rumbun saitin Windows ne. Saƙon zai daina, amma ka san abin da ka saya. Ka ce wa Windows ne ta daina jiran kowa, ta rufe duk abin da ta samu da ƙarfi. Ranar da ka manta ba ka adana aikin da ka yini kana bugawa ba, babu mai tambayarka, ya tafi. Kuma manhajar da ke da matsalar tana nan. Haka rage WaitToKillServiceTimeout, wato lokacin da Windows take jiran masu aiki a ɓoye su rufe, daƙiƙa biyar ne dama a Windows 10, me za ka rage a ciki. Ban ba ka shawara ba, balle a kwamfutar ofis ko ta shago.

Windows 7 gare ni, tana cewa "You don't have permission to shut down this computer".

Wannan ya addabi mutane a Fabrairun 2020, aka danganta shi da wani afdet na Adobe, kuma an gyara daga can. In har yanzu kana gani, ka fita daga akawun ɗinka ka kashe ta maɓallin da ke allon shiga, sannan ka gwada tankaɗen msconfig da na faɗa a sama. Sai dai ka sani Microsoft ta daina kula da 7 tun 14 ga Janairun 2020, ita ma 10 tallafinta na yau da kullum ya ƙare 14 ga Oktoban 2025, don haka in kana shiga banki da ita ka fara shirin matsawa gaba.

Na gwada duka bai tafi ba. In yi fomat?

Saura abu biyu kafin nan. Buɗe sabon akawun a kwamfutar, ka shiga da shi ka kashe daga can. In ba saƙo, tsohon akawun ɗinka ne ya rikice, ka kwashe fayilolinka zuwa sabon, shi kenan. In kuma ka tuna ranar da abin ya fara, rubuta rstrui a Windows da R ka ga ko akwai wurin da za a mayar da Windows yadda take kafin ranar.

In duk ba su yi ba, akwai Reset this PC da zaɓin Keep my files, yana barin takardunka da hotuna amma zai cire manhajoji. Duk da haka ka kwafi kayanka a wani wuri tukuna. Kuma bayan an gama kar ka bari a sake loda maka tarin manhajojin nan a zama ɗaya, in ba haka ba mai laifin zai dawo cikinsu ka rasa gane shi. Ka saka ɗaya ko biyu, ka kashe ka gani, sannan na gaba.

In wajen mai gyara za ka kai, ka tafi da bidiyon nan na wayarka, ka gaya masa ranar da ya fara da abin da aka saka ko aka jona a wannan satin, ka tafi da cajarka, kuma ka ce ya kashe ta ya kunna a gabanka kamar sau uku kafin ka biya.